Magudanar da Ta Kauce wa Nomau

Tun da na dawo daga Dutsin-Ma mutanen majalisarmu ba su bar ni na sha ruwa ba. Wannan ya ce na rame, wancan ya ce na yi shiru kamar wanda aka yi wa sata, wani ma cewa ya yi wai ko wata na gani a can ta ce ba ta yi. Kullum amsata ɗaya, aiki ne, an yi an gama. To amma aikin mako biyu ba ya zama na wata guda haka kawai, su ma sun sani. Na gaji da gutsura musu labarin kowa ya ɗauki nasa gutsuren ya je ya ƙara masa gishiri, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi tun daga tushe, wanda ya yi boko ya karanta wa wanda bai yi ba.

Sunana Iro, magini ne ni, kuma a ginin ma na kwata da kwalbati, irin wanda ba a yi wa kirari. Shekara biyu bayan samun mulkin kai ofishinmu ya tura ni Dutsin-Ma in gyara wata tsohuwar magudana ta ƙarƙashin ƙasa, wadda ta toshe a daminar da ta wuce har ruwa ya kwashe katanga biyu. Aka ce in gama kafin ruwan bana ya sauka. Abin da ba a gaya mini ba, don su ma na ofis ba su sani ba, shi ne akwai mutum binne a gefen magudanar nan, kuma yayarsa tana da rai, tana zaune da fargabar ranar da ruwa zai tono shi ya watsar a bayan kasuwa. Ni kaina ban san da wannan ba sai da na tafka ɓarnar da zan ba ku labari.

Mun bar Katsina ranar wata Talata da hantsi, cikin akori-kura ta ofis, ni da helmana Tanko, wato mai kula mini da ma'aikata, da leburori uku. Kayanmu siminti ne, da ƙarfen zuba bututu, da diga da shebur, da dogayen gora da muke haɗawa mu zura cikin magudana. Ni kuma ina rungume da taswirar da wani Bature ya zana shekara talatin da suka wuce, a cikin gwangwaninta. Tanko ya dube ni ya ce, “Malam Iro, in ta yi kuka ka miƙo ta in goya.” Na ce ya ja bakinsa, wannan takarda ta fi shi sanin aiki.

Direbanmu mutum ne mai tausayi, muddin akwai sule a hannun mai neman tausayin. Kafin mu wuce Ɓatagarawa ya ɗora wata mata da kejin zabi, da wani malami da tsohuwar gafakarsa, da wani mahauci da ya ƙi rabuwa da wuƙaƙensa. Hanyar ɓurji ce, ga zafin bazara, mota ta faɗa rami ta fito, buhun siminti guda ya fashe a kan malamin nan. Ya fito fari fat, idanu kawai ke motsi, bai ce komai ba sai “Alhamdu lillahi ala kulli halin.” Mun ci dariya har muka ji kunya. Dariyar ba ta kai mu ko'ina ba, muna hango duwatsun Kurfi sifirin na baya, ƙarfen da ke ɗauke da nauyin mota, ya karye, motar ta zauna a gefe ɗaya kamar tsohon jaki. Maƙeri ya zo ya duba ya ce sai gobe.

Wani ɗan kasuwar hatsi, Alhaji Mati, shi ya sauke mu a zaurensa, tsakanin buhunan gero. Mu a birni baƙo sai ya gama gaisuwa ya faɗi abin da ya kawo shi sannan a kawo ruwa. A Kurfi kuwa kana tsakiyar “ina gajiya” ƙwaryar fura ta riga ta iso gabanka, mai kauri, ludayi yana tsayuwa a ciki. In ka sha kaɗan ka ajiye a ce ka raina. Na sha har na kasa sunkuyawa, sannan aka ce ai wannan ta jiƙa maƙoshi ce, tuwo na tafe.

Da la'asar muna zaune a ƙofar zauren Alhaji ya tambayi aikin da zai kai mu. Ina faɗa sai wani tsoho da ke yi masa awon hatsi ya tsaya da tiya a hannu. Baba Sanda ake ce masa, mutumin Ɗantutture ne, idonsa ɗaya ya yi fari.

Ya ce, “Wace magudana? Wadda ta taso daga gindin dutse?”

Na ce, “Ita fa, Baba.”

“Mu munka gina ta. An ɗebo mu daga ƙauyuka, kowane gida mutum guda.” Ya nuna gwangwanina da haɓa. “Takardar taka, miƙe ta nuna maka ita?”

“Miƙe sak, kamar an ja da zare.”

Ya daɗe yana kallona da idon nan mai gani. Ya ce, “To, ita takarda ta miƙe.” Ya juye tiyar a buhu. “In ka isa, ka nemi Lanti kahin ka sa diga.”

Na ce wace ce Lanti. Kafin ya buɗe baki Alhaji ya shiga zancen tsadar dawa da sauri, irin saurin mai rufe tukunya. A raina na ce wata 'yar bori ce da za ta nemi baƙar kaza kafin a taɓa ƙasa, mun saba gamuwa da irinsu a wurin aiki. Na yi niyyar ko sunanta ba zan tambaya ba. Girman kai rawanin tsiya, ni kuwa a lokacin nawa ya fi na kowa tsawo.

Washegari maƙeri ya ɗaure sifirin muka kama hanya. Iyakar ƙasar Kurfi da ta Dutsin-Ma ba shinge ba ƙofa, wani busasshen rafi ne, sai malamin dabbobi da ya kafa teburinsa a gindin tsamiya yana duba kunnen shanu, wadda ba a yi wa allura ba ba ta wucewa. Mu da ba mu da kunnen dubawa yashi ne ya tsare mu. Motar ta nutse har gindi. Wasu Fulani da suka fito daga wajen Barkiya suka bar shanunsu suka taya mu turi, suna yi wa direba dariya cikin harshensu. Wata dattijuwa a cikinsu ta sayar mana da nono, tana zubawa tana kallon sama. Na bi idonta, sai ga shamuwa uku a kan tsamiyar. Ta ce, “Sun iso ke nan. Ruwa bai hi kwana goma ba.” Na ce mata a ofis an ba mu mako biyu. Ta ce, “To ka gaya wa shamuwa.”

Mun shiga Dutsin-Ma bayan azahar. Mai unguwar gangare ya ba mu soro a gidansa, da tabarmi, da randa, ya sa aka kawo dambu da man shanu. Mutum ne mai fara'a, ya yi ta tambayar labarin birni. Amma da na ce ya zo ya nuna mini magudanar, sai ya tuna yana da baƙi a gona.

Na tafi ni da Tanko. Magudanar ta fara ne daga gindin dutse, inda ruwan sama ke tattaruwa, ta nutse ƙasa, ta bi ta ƙarƙashin wani lungu mai gida bakwai, ta fita a wani kwazazzabo bayan rumfunan mahauta. Bututun gasasshiyar laka ne, faɗinsa ya isa siririn mutum ya rarrafa. Duk wannan na gani a takarda tun a Katsina. Lungun ne ba a zana mini ba.

Kun san lungunanmu na birni. Kowace rariya tana tsiyaya, ruwan wanki, ruwan wanka, ruwan tuwo, agwagi na ciki, mutum na tafe yana tattare riga. Wannan lungu a bushe yake ƙaƙas. Kowace rariya a share, an shafe bakinta da farar ƙasa, ko tsinke babu. Ba yara, ba kaji, sai inuwa da wani sanyi da bai dace da bazara ba. Muna tsaye wata mata ta fito da ƙwaryar ruwan wanke-wanke a ka, ta wuce rariyar gidanta, ta yi tafiya mai nisa har bayan lungun sannan ta zubar. Wata ta biyo ta, ita ma haka. Na lura kuma duk wanda ya zo daidai katangar gida na huɗu sai ya rage murya ya yi sallama, alhali ba kowa a wurin.

Na tare wani magidanci na tambaye shi dalili. Ya ce, “Haka munka tashi munka iske.” Na ce to wa ake yi wa sallamar? Ya ce, “Wanda ke nan,” ya yi gaba abinsa. Tanko ya matso kusa da ni har kafaɗarmu na gogayya. Na ce masa Bakatsine kunya gare shi ba tsoro ba. Ya ce shi dai kakarsa Bagobira ce.

Da safe muka fara. Muka zura gora ta bakin sama, tana tafiya lafiya, sai da ta kai daidai gida na huɗu ta tsaya cak. Na buɗe taswira, na ja igiya, na sa aka haƙa a tsakiyar lungun daidai inda Bature ya ce bututu yake. Mun haƙa zurfin gaba guda da rabi, sai jar ƙasa wadda diga ba ta taɓa gani ba. Muka matsa gaba muka sake, haka. Kwana biyu muna wannan, mutanen lungu na wucewa suna yi mana sannu da aiki, ba wanda ya ce ga inda yake. Da yamma kuma gabas ta fara haɗa gira.

A rana ta uku na shiga da kaina, da cocila a baki da igiya a ƙugu. Ciki sanyi kamar randa. Akwai wata iska da ke zuwa ta tsaya, ta zo ta tsaya, tana taɓa mini fuska. Na san daga dutse take shigowa, na gaya wa kaina haka ya fi sau goma, amma gashin jikina bai yarda ba. Na rarrafa har inda gora ta tsaya, sai na ga ashe ba toshewa ce kawai ba. Bututun ya karya kwana zuwa hagu, kwanar da ba mai hankalin da zai yi wa ruwa, kuma a daidai nan ya fashe, yashi ya cika rabinsa. Ta cikin fashewar akwai wani kogo baƙi. Ban haska shi ba. Na ja igiya suka jawo ni da baya.

Na fito raina a ɓace, rabi don tsoron da na ji, rabi don takardata ta ba ni kunya a gaban Tanko. Sai na yi abin da muke yi a birni in magudana ta ɓace mana, wato a zuba mata ruwa mai launi a ga inda zai ɓullo. Na je marina na roƙi dagwalo, ruwan rinin da ya gama aiki, baƙi-shuɗi, mai warin da ke korar kare. Marinan suka ba ni da murna, amma da suka ji inda zan kai shi sai babbansu ya ce, “Malam, da ka bari.” 'Yan ga-ruwa ma suka ƙi ɗauka. Na ce ƙauyanci ne. Na sa leburorina suka yi ta jido da garwa, da tsakar rana, lokacin da kowa ya shige inuwa. Garwa ashirin muka tuttula a bakin magudanar.

Na tura Tanko bayan mahauta ya tsaya. Ya dawo ya ce ko ɗigo bai fito ba. Muna tsaye cikin lungun muna kallon juna, sai ƙyauren gida na huɗu ya buɗe. Wata tsohuwa ce, doguwa, busasshiya, ƙafafunta shuɗi har idon sawu. Ba ta ɗaga murya ba.

Ta ce, “Wane ne babbanku?”

Na ce, “Ni ne, Gwaggo.”

“Shigo ka ga aikinka.”

Tsakar gidan a share take tas. A kusurwar da ke jikin katangar lungu an jera duwatsu an kewaye wani wuri mai tsawon mutum, an zuba masa farin yashi. Daga tsakiyar yashin nan dagwalona ke ɓulɓulowa a hankali, yana yin ƙwai yana fashewa, wari ya cika gidan. Duk wanda ya taɓa zuwa maƙabarta ya san abin da jerin duwatsun nan ke nufi. 

Ta ce, “Ni ce Lanti. Wanga ƙanena ne, Nomau. Shekara talatin da ɗaya ko ruwan alwala ban bari ya sauka kanshi ba. Kai kwananka uku.”

Da ta zage ni da na ji sauƙi. Na durƙusa a gabanta, ni da ko a ofis ban iya durƙuso ba, na ce ta yafe mini, rashin sani ne. Ta ce, “Ba ka tambaya ba dai.” Ta jawo kujera ta zauna, ta ba ni labarin tana kallon wurin, ba ta kalle ni ba.

Lokacin da aka zo gina magudanar, Nomau ne aka ɗauka daga gidansu ya yi aikin. Ita ke kai masa fura a bakin rami. Ran nan tana tsaye da ƙwaryar a hannu, yana ƙasa yana cika kwanon sarki na kwasar ƙasa, gefen ramin ya zame ya rufta a kansa. Wurin tsohon rafi ne, yashi ne zalla. Kwana biyu ana tono, in an kwashe kwano ɗaya biyu su zubo, har ya kusa cin wasu mutum biyu. Limamin lokacin ya ce a bari, nan Allah ya yanka masa ƙasarsa, aka yi masa salla daga sama. Baturen aikin yana can wani gari. Leburori suka haɗa baki suka ce ba za su shimfiɗa hanyar ƙazanta a kan ɗan'uwansu ba, suka karkatar da bututun ya kewaye shi, suka rufe kafin Bature ya dawo. Ya zo ya ga baki ya ga ƙarshe, ya ja layinsa a takarda. Mutanen lungu kuma suka yi alkawari ba abin da zai bi ta nan sai ruwan sama. Da mijinta ya rasu ta dawo gidansu ta ja katanga ta sa wurin a cikin gida.

Ta ce, “Bara da ruwa ya yi yawa na ji ƙasa na motsi nan. Na sa kunne, ina jin ruwa shina yawo inda yake. Yanzu ka nuna mani da shuni. In na bana ya sauko, bayan mahauta za a tsince shi, karnuka na ja.” Ta sake duban jerin duwatsun. “Ba wanka, ba likkahwani, ko gabas ba a juya shi ba. Ni kaɗai na rage da na san huskarshi.”

Umarnin ofis shi ne in gyara abin da ke cikin taswira. Na nannaɗe ta na mayar gwangwani, na tafi wurin liman tare da mai unguwa, wanda yanzu baƙinsa na gona sun tafi. Liman ya saurara, ya ce idan ruwa zai ci mamaci ya halatta a ɗauke shi, har ma ya wajaba. Ya ce amma wa zai shiga yashin da ya gagari mutanen da? Na ce wanda ya zuba dagwalo.

Nan aikin da na iya ya yi rana. Muka sassaƙa itacen giginya muka tokare gefen ramin, muna sauka muna ƙara katako, abin da mutanen da ba su samu ba. Mazan lungu suka fito da kwanduna.  Kullum da la'asar hadari ya taso daga gabas, ya yi baƙi, iska ta kaɗa shi ya wuce, Gwaggo Lanti tana zaune a ƙofar ɗakinta da carbi tana binsa da ido. Tanko da ya rantse ba zai leƙa ramin ba, shi ya ƙare yana riƙe mini igiya, yana karanta duk abin da ya sani har da addu'ar cin abinci.

A rana ta huɗu da hantsi na ajiye shebur na koma tono da hannu, don yashin ya fara fitowa shuɗi. Na fara taɓo kwanon sarki, tsatsa ta cinye shi. A ƙarƙashinsa ga Nomau. A durƙushe yake, kansa a sunkuye, kamar mai shirin tashi. Ruwa ya riga ya yi masa ɗaki ta gefen bututun, kogon da na ƙi haskawa ke nan, ashe ranar tsakanina da shi bai fi kamu biyu ba. Dagwalona ya rina shi daga kafaɗa zuwa ƙugu. Na yi masa sallama, ban san lokacin da ta fito daga bakina ba, kuma na yi kuka a ramin nan, ba na ɓoyewa.

Liman ya sauko da farin ƙyalle muka riƙa ɗauka gaɓa gaɓa. Hannunsa na dama a miƙe yake wajen fashewar bututun. Muka bi shi, damtse, gwiwar hannu, sangalin hannu, daga nan sai bakin bututu. Tafin hannun babu. Ruwan bara ya riga mu.

Na ce a ba ni yini guda. Muka tankaɗe yashin ramin da abin tankaɗen gini, na sake rarrafa magudanar daga kwanar har bayan mahauta, na tona kwazazzabon da yatsuna a cikin ƙashin shanu da na awaki. Ban samu ba, ko kuwa na samu ban gane ba, wannan ya fi damuna. Da la'asar aka fara yayyafi. Liman ya ce, “Malam Iro, ya isa. Wanda ya halicce shi ya san inda kowace gaɓa take. Kada ka kai ma tsohuwar nan abin da ba ta iya ɗauka.” Muka naɗe shi mu biyu, ba wanda ya gani.

Ban taɓa ganin jana'iza irin wannan ba. Makara ba nauyi, mutum ɗaya ma ya isa, amma garin kaf ya fito, kowa na neman ya sa kafaɗa. Yawancinsu ba a haife su ba lokacin da ya mutu. Aka kwantar da shi yana duban gabas, muna mayar da ƙasa ruwa ya kece.

Sauran aikin na gaggawa ne, tsakanin ruwa da ruwa. Muka zuba sababbin bututu na siminti, muka cire kwanar, muka miƙe layin ya bi tsakiyar lungu. Wato sai bayan shekara talatin da ɗaya takardar Bature ta faɗi gaskiya. Na rubuta wa ofis cewa an sami yashi a hanya shi ya jawo jinkiri, ban kuwa yi ƙarya ba. Mai unguwa ya sa aka yi shela cewa kowa na iya amfani da rariyarsa. Ba wadda ta fara. Matan suka ce sai Lanti ta zuba.

Ranar da za mu taso, mota na jira a bakin kasuwa, na shiga yi mata sallama. An kwashe duwatsun, an daɓe kusurwar. Na same ta tsaye a bakin rariya da ƙwaryar ruwan wanke-wanke a hannu, ga alama ta daɗe a haka. Matan lungu sun leƙo ta kan katanga.

Ta ce, “Malam Iro, zo nan.” Na matsa. Ta rage murya. “Kai ka shiga ramin. Ka tabbata duk kun kwashe shi? Ba abin da ya rage ciki?”

Na dubi tsohuwar nan, shekara talatin da ɗaya tana jidar ruwa a ka. Na ce, “Duk mun kwashe, Gwaggo.”

Ta ce, “Alhamdu lillahi.” Ta sunkuya ta tuttular da ƙwaryar. Ina tsaye ina jin ruwan yana sauka, ya shiga sabon bututun da na shimfiɗa da hannuna, ya bi ta ƙarƙashin ƙafafuna ya nufi bayan mahauta. Ta ɗago tana murmushi, ta ce in gaida mutanen birni.

Na ce za su ji.